Ranar da Baaba Ya Hana Jirgi Tashi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baaba ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, ana yayyafi.

Kafin a gama yi masa wanka gidanmu na Zangon Tamale ya cika. Ni ina ɗaki wajen Mma, mahaifiyarmu, ina riƙe da hannunta, amma kunnena yana tsakar gida. Haka Allah ya yi ni, ko kuka nake ina jin abin da ake faɗi a bayan bango. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa in na bar wuƙa a cikin ruwa?" Da dariya ta fara, da kuka ta ƙarasa. Wani manomi, mutumin Dagomba, ya taho tun daga Gbalahi a kan keke, ya durƙusa a bakin zaure da Hausarsa ta kasuwa. "Baaba mai jirgi ya tafi," in ji shi. "Keke nan, shi ya koya ni shafa mai. Duba, har yau tsatsa bai ci ba." Masu wanka da suka fito suka ce sun yi iya yinsu da sabulu, baƙin man inji da ke ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita. Liman ya ce a bar masa kayansa.

Sai kuma na ji wata murya ƙasa ƙasa a wajen randa. "Ba shi ne wanda ya bar jirgin gwamnati ya ruɓe ba?" Wata ta ce, "Yi shiru, mamaci ne."

Maganar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, ni da karatuna bai wuce allo da ɗan ajin manya ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Yaya, babban ɗansa, bai samu jana'iza ba. Washegari ya iso daga Ankara, babban birnin ƙasarmu can bakin teku, inda yake tuƙa jirgin sama. Ya zauna cikin maza yana amsa gaisuwa, amin, amin, idonsa a bushe kamar wanda ya zo ta'aziyyar maƙwabci. Shekaru ke nan yana fushi da Baaba. Abin da ya fi mutuwar ma tsaya mini a wuya shi ne Yaya ya koma kudu da fushin nan, alhali wanda yake fushi da shi yana ƙarƙashin ƙasa. Na san abin da zai warware shi, amma Baaba ya ɗaure mini baki tun yana da rai.

Bari in faɗa muku wane ne shi tukuna.

Asalinsa mai liƙin bokiti da fitila ne a kasuwa. Lokacin yaƙin Turawa aka kwashi masu aikin hannu zuwa filin jirgi, a nan ya tsaya. Bayan yaƙi wani likita Bature ya samu ɗan jirgi cikin waɗanda soja suka bari, mai kujera biyu, ɗaya a bayan ɗaya, yana zagaya ƙauyuka da shi wajen masu ciwon barci. Baaba ne mai kula da shi. Mutane suna zaton jirgi duk ƙarfe ne. Wannan fatarsa yadi ne da aka ɗinka aka shafe da fenti har ya yi tauri kamar fatar ganga, ƙashinsa kuwa siraran bututun ƙarfe ne a ciki. Ni ban taɓa ganinsa a ƙasa ba, ba ni da yawo, amma na san shi kamar ɗan ɗakinmu, don da shi muke cin tuwo kullum.

Ba inji ne zancen Baaba ba, tsatsa ce. Ya ce inji in ba shi da lafiya yana tari ka ji, ita kuwa ba ta sallama. A kan baƙin ƙarfe ja take fitowa. A kan alminiyam fara ce, kamar an barbaɗa garin rogo. In ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje, to tana ƙarƙashi tana cin abincinta. Burushinsa biyu ne, ba ya haɗa su, wanda ya taɓa baƙin ƙarfe ba zai taɓa alminiyam ba, wai ɗan ɓurɓushin da zai bari shi ne irin da za ta tsiro da shi. In ya kankare wuri sai ya kai ga ƙarfe mai haske, ya goge, ya shafa fentinsa ruwan ɗorawa a ranar, ba ya barin wurin ya kwana raɓa ta sauka a kai. Bututun kuwa mai yake ɗumamawa ya ɗura musu ta ciki. Maƙiyansa a duniya su ne ɓera mai fitsari a lungu, da tsuntsu mai kashi a fiffike, da zanzaro. Akwai 'yan hujoji a ƙarƙashin jirgin inda ruwa ke ɗiga, zanzaro kuwa ba abin da yake so kamar ya toshe su da laka. Duk damina Baaba yana kwance a ƙarƙashin jirgi da ɗan guntun waya yana sokawa yana zagin zanzaro da Hausa da Dagbani.

"Ruwa ya shiga ba laifi ba ne," haka yake cewa. "Ta ina zai fita, shi ne tambaya."

Har gida ya biyo mu da zancen tsatsa. Ba a jingina keke a bango mai laima. Ba a kife kwano a ƙasa. Keken ɗinkina sai da ya yi masa ƙafa da katako. Shi da Mma sun yi rigima a kan wata tukunyar alminiyam da ya sayo mata, ya tarar tana dirza ta da toka.

"Uwar yara, toka cin ta take yi. Kin ga ta fara dushewa?"

"Maigida, tukunyata ba sama za ta tashi ba."

"Miya za ta zubar miki a wuta."

"In ta zubar ka ci tuwonka da man inji."

Ya fita yana gunaguni, ya dawo da soso da sabulun kanti ya ajiye mata. Ita kuma ta ɗauka. Haka faɗansu yake ƙarewa.

Da mijina ya rasu na dawo gida, na yi watanni ba na magana sai an tambaye ni. Ran nan Baaba ya zo da guntayen bututu biyu, ya ce in rufe ido. Ya ƙwanƙwasa wannan da 'yar gudumarsa, ya ƙwanƙwasa wancan. "Wanne ne mai lafiya?" Na ce na farko, don ƙararsa ta daɗe tana rawa, na biyun kuwa ya ce ƙwas ya yi shiru. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe kunnen nan naki ba don gulma kaɗai Allah ya ba ki ba." Ranar na fara dariya tun bayan takaba. Daga baya na gane ba gwajin bututu ya kawo shi ba.

Da Ghana ta samu kanta likitan ya koma ƙasarsu, jirgi ya zama na gwamnati, amma babu matuƙi. Aka bar shi a rumfa, aka bar Baaba da shi. Yana tada injin lokaci lokaci, yana buɗe ƙofofin rumfa bayan ruwa don iska ta ratsa, yana gogewa kamar gobe za a hau. Ana nan aka ce ana ɗibar yaranmu a koya musu tuƙin jirgi a kudu, Yaya ya shiga, aka ɗauke shi. Ban taɓa ganin Baaba haka ba. Duk wanda ya gaishe shi a hanyar masallaci sai ya ji. "Ba wanda zai tada shi sai ɗana. Baƙin mutum, ɗan Zango, a sama da Tamale."

Mma ba ta yi murna ba. Ta daina cin abinci sosai. In an yi zancen sai ta tashi ta shiga ɗaki. Wata rana ta ce ita za ta kai wa Baaba abincin rana filin jirgi, tana so ta ga abin da zai ɗauki ɗanta. Na yi mamaki, don ba ta taɓa zuwa ba. Ta dawo da yamma fuskarta a sake. "Na gan shi," in ji ta. "Yanzu hankalina ya kwanta." Ban tambaye ta dalili ba.

Damuna suka zo suka wuce. Yaya ya gama. Aka shirya cewa ranar bikin ƙasa zai zo gida ya tada jirgin a gaban jama'a. An gaya wa manya, an gaya wa makaɗa, an koya wa 'yan makaranta waƙa.

Ana gobe biki Baaba ya dawo da azahar, abin da ba ya yi. Bai yi sallama da ƙarfi kamar kullum ba. Ya tuɓe rigar aiki ya wuce masallaci. Na ɗauki rigar zan jiƙa, na ji nauyi a aljihu. Laya ce, babba, fatar ta yi baƙi ta jiƙe, gefe ɗaya ya lotsa ya yi ja jawur da tsatsa. Ɗinkin jan zare ne, mai komawa baya. Ɗinkin Mma ne, da shi ta koya mini riƙe allura.

Ina tsaye da ita a hannu ya shigo.

"Ba ni," ya ce.

"Baaba, a ina?"

Ya leƙa ya ga Mma tana can bayan gida wajen murhu, ya rage murya. Ya ce da safe yana bin bututun da guduma kamar yadda ya saba, da ya kai wutsiya, can ƙasa kusa da ƙaramar taya, sai ya ji ƙwas. Ya yanka yadin. Ya tarar da ita ɗaure a jikin bututun da ke riƙe wutsiyar, a lungun da ido ba ya kaiwa sai an yanka. Da gishirin garin Daboya a cikinta, irin wanda ake sa wa laya don maganin baki. Duk damina fatar tana shan laima, gishirin yana narkewa yana bin ƙarfen. Ya sa tsinke ya danna, tsinken ya shige kamar cikin dafaffiyar doya.

"Gishiri da fata da laima," ya ce. "Ko ni aka ce in kashe ƙarfe, da haka zan kashe shi. Da ya tashi gobe, wutsiyar a sama za ta rabu da shi."

Na zauna a bakin turmi.

"Don ta tsare ɗanta ta yi," in ji shi. "In ta ji hannunta ne ya kusa jefo shi ƙasa, ba za ta ƙara zama mutum ba. Ba ki ga komai ba."

"Yaya fa?"

"Yayanki in ransa ya ɓaci bakinsa ba ya riƙe magana. Ko bai faɗa ba za ta gani a fuskarsa. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Da la'asar Yaya ya sauka daga lori, da kakinsa, yaran unguwa suna binsa. Mma ta rungume shi tana shafa kansa. Bayan ya ci abinci Baaba ya kira shi zaure. Ina bayan bango ina tsince shinkafa.

"Jirgi ba zai tashi gobe ba."

Yaya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Tsatsa ta ci wutsiya."

"Baaba, tun ina rarrafe nake jin zancen tsatsa a gidan nan. Ka taɓa dukana don na bar adda a waje. Yau ka ce naka jirgin ne ta ci?"

"Ta ci."

"Ta ina ruwa ya shiga?"

"Sakacina ne."

"A liƙa mana. Mai walda yana nan."

"Ya ce zai sa mini bututun keke. Ba zan ɗora ka a kan bututun keke ba. Irin nasa sai daga waje."

"Na gaya wa manyana. Na gaya musu ubana ne ke riƙe da shi, su kwantar da hankali. Abin da za ka ce mini ke nan, sakaci?"

Na daina tsintar, na kasa kunne.

"Shi ke nan," in ji Baaba.

Washegari jama'a suka cika fili. Ni ban je ba, waɗanda suka je suka ba ni labari. Makaɗa suna kiɗa, yara suna ɗaga tuta, jirgi yana tsaye da yanka a wutsiya. Babban jami'in ya tambayi wa ke kula da shi. Baaba ya fito gaban mutane ya cire hularsa ya ce shi ne. Ba a daɗe ba aka sallame shi. Bututun bai taɓa zuwa ba. Aka jawo jirgin waje don a ajiye wasu kaya a rumfar, ruwa da rana suka ƙarasa shi. Baaba bai sake bin hanyar filin ba.

Mma ta yi ta Allah ya kyauta, amma a ɓoye ta ce mini gara da bai tashi ba. Yaya ya koma kudu a ranar.

Bayan nan yakan zo da salla. Ya durƙusa ya gai da Baaba yadda ya kamata, ina kwana, ina gajiya, ya tashi ya tafi ɗakin Mma ya yi hira har yamma. Baaba yana jin dariyarsu daga zaure. Ya koma zama a ƙofar gida da tsumma da gwangwanin mai, yana goge wa mutane kwaɗo da almakashi da sarƙar keke. Samari suka sa masa Baaba Tsatsa. In sun kira shi ya amsa, ya ce su kawo kekunansu. Duk sanda jirgi ya ratsa sama sai hannunsa ya tsaya, ya karkata kai. "Injin nan lafiyarsa lau," ya ce. Sai can kuma, "Ƙila ɗana ne."

Da ciwo ya kwantar da shi na roƙe shi. Na ce Baaba, bari in gaya wa Yaya, ko shi kaɗai. Ya buɗe ido ya dube ni. "Uwarki tana da rai," ya ce, ya juya ga bango.

To, ran addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, Yaya ya ce gobe zai kama hanya. Mma tana zaune a tabarmar takaba ta ce a kawo akwatin aikin Baaba a buɗe a gabanta, Yaya ya ɗauki abin da yake so. Ya ce ba ya bukata. Ta ce a kawo. Na jawo shi. Kowane ƙarfe a naɗe yake da tsummansa, yana ƙyalli kamar jiya aka saya, burusan nan biyu kowanne a gefensa. A can ƙasa akwai wani gwangwanin taba. Tun kafin a buɗe na san layar ce a ciki. Na ɗauka ya jefar da ita tun tuni.

Mma ce ta buɗe. Ta duba, ta kai kusa da ido, sai na ga murmushi a fuskarta, na farko tun ranar Talata.

"Ashe ya gani," in ji ta. "Mutumin nan, bai taɓa ce mini komai ba." Ta miƙa wa Yaya. "Taka ce. Ni na ɗaura maka a jirgin nan, lokacin da kana koyo. Babanku yana cin abinci na zagaya, na zura hannu ta wata 'yar ƙofa har gwiwar hannu."

Yaya ya karɓa don kada ya ƙi. Ya juya ta. Yatsansa ya tsaya a inda ta lotsa, ya bi jan layin da yatsa a hankali.

"A ina kika ɗaura, Mma?"

"A wutsiya, can ƙasa. Malamin da ya rubuta mini ya ce inda ido ba ya kai."

"Me ke ciki?"

"Addu'a mana. Da gishirin Daboya, mai kyau na sa, ban yi rowa ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Ga shi jirgin ma bai tashi ba, wahalata ta tafi a banza."

Yaya ya ɗago ya dube ni. Alƙawarin da na yi wa Baaba yana nan. Amma ban iya ɗauke idona ba, shi kuma ba yaro ba ne, jirgi yake tuƙawa. Ya juya ga Mma. Na ji tsoron abin da Baaba ya ji tsoro, na ce yanzu zai faɗa.

"Ba ta tafi a banza ba, Mma," ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Ta tsare ni."

"To ka tafi da ita ka sa a naka na yanzu."

"A aljihuna zan sa. Ta fi kusa."

Ya tashi ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba. An yi ruwa da rana, hanya duk caɓi. Bai dawo ba sai gab da magariba, idonsa ya kumbura, gwiwar wandonsa da hannayensa duk jar laka. Na zuba masa ruwa a buta ban tambaye shi ba. Yana wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Ruwa yana kwanciya a gefen kabarin. Na yi masa hanya."

Bai tafi washegari ba. Da akwatin ya tafi, da ya tashi tafiya.

Mma tana nan, tana jan carbinta, tana gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa maigidanta ya adana layarta har ya mutu. Ba ta karatun boko. Duk wanda wannan ya shiga hannunsa, ina roƙonsa don Allah ya bar shi a cikinsa, kada ya kai mata. Baaba ya biya da aikinsa da sunansa da hirar ɗansa don kada ta sani, kada mu ɓarar masa. Ke kuma da kika yi magana a wajen randa, na gane muryarki, ban riƙe ki ba. Yanzu kin ji.

Allah ya gafarta wa Baaba, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi. Yadda ya rufa asirin wani a duniya, Allah ya rufa nasa ranar da ba mai rufawa sai Shi. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.